Tare Muka Taso da Indunusiya, A Ina Ta Tsere Mana?

A shekarar 1970, in aka tattara duk abin da Najeriya ta samar, tun daga gyaɗa da koko da ɗanyen mai har aikin malamin makaranta da na direban mota, aka yi masa kuɗi da dala, aka raba wa 'yan ƙasa daidai wa daida, kowa zai tashi da fiye da dala 200. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a watan Janairun shekarar ke nan. In aka yi wa Indunusiya wannan lissafi a shekarar, kason mutum ɗaya bai kai dala 100 ba. Alƙaluman Bankin Duniya ne. A 2023 ɗan Indunusiya na da kusan dala 4,900, ɗan Najeriya wajen dala 1,600, kuma da naira ta ƙara zubewa a 2024 sai namu ya dawo kewayen dala 1,000.

Ba don neman abin baƙin ciki ake gwada mu da Indunusiya ba. Gwajin ya fi na Singafo ko Dubai ma'ana, domin waɗancan birane ne, mu kuwa ƙasa ce mai ɗimbin jama'a. Indunusiya ma haka take: yaruka ɗaruruwa, ƙabilu barkatai, Musulmi mafi rinjaye da Kirista da Hindu, Turawan mulkin mallaka sun daɗe a kanta, soja sun yi mulki shekaru talatin, kuma tana da mai. Ta shiga ƙungiyar OPEC a 1962, mu muka bi bayanta a 1971. Ranar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, ruwan dala ɗaya ne ya sauka a Legas da Jakarta.

Amma kafin a shiga neman dalili, sai a tsaya a dubi shi kansa lissafin, don yana da rauni a wurare da dama, kuma 'yan siyasa na cin kasuwarsu da raunin nan.

Lissafi ne na rabawa. A sama akwai jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda ake kira GDP, a ƙasa akwai yawan jama'a. Na saman ba ƙirga shi ake yi ɗaya bayan ɗaya ba, ƙiyasi ne. Ba wanda ke bin mai ƙosai ko ɗan acaba da takarda yana rubuta cinikinsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan zaɓi wata shekara ta yi cikakken bincike, ta ga me da me ake samarwa, sai ta riƙa ɗora lissafin shekarun gaba a kan wannan. Najeriya ta yi fiye da shekara ashirin tana ɗorawa a kan 1990, lokacin da babu wayar salula a hannun kowa, masana'antar fim ba ta kai ta kawo ba. A watan Afrilun 2014 aka sabunta, aka koma 2010. Cikin yini guda tattalin arzikin ƙasar na 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu, kason mutum ɗaya ya doshi dala 3,000. Washegari ba wanda ya tarar da ƙarin kwabo a aljihunsa. Hatsin bai ƙaru ba, mudun awo aka canza, kuma sabon mudun ya fi tsohon gaskiya. An sake irin wannan sabuntawa a 2025, aka koma 2019, lissafin ya ƙara hawa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ma'ana, duk wanda ya jera alƙaluman Najeriya na 1985 da na 2015 a layi ɗaya ba tare da ya tambayi wane awo aka yi amfani da shi ba, ya haɗa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba.

Na ƙasan ya fi rikici. Indunusiya na ƙidayar jama'arta kusan duk shekara goma, ta 2020 ta ba da mutum miliyan 270. Mu kuwa ƙidaya faɗa ce, saboda da ita ake rabon kujeru da kason wata-wata daga Abuja. An soke ta 1962, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55 da ɗoriya, aka yi ta cece-kuce. Ta 1973 Murtala ya jefar da ita. Kafin 1991 hukumomin duniya na ƙiyasin mun haura miliyan 110, sai ƙidayar shekarar ta ce ba mu kai miliyan 90 ba. Ta ƙarshe ita ce ta 2006, miliyan 140. Duk adadin da ake faɗa yau, miliyan 220 ne ko 230, hasashe ne aka ɗora a kan waccan. In hasashen ya zarce gaskiya da kashi goma, to kason mutum ɗaya ya fi yadda ake faɗa da kusan haka. In kuma ya gaza, mun fi yadda muke zato talauci.

Sai kuma dala, inda mafi yawan ruɗanin yake. Da naira ake lissafin farko, sannan a juya shi zuwa dala. Da wane farashi? A zamanin Abacha gwamnati ta ƙanƙame dala a kan naira 22, alhali a kasuwar canji ta Wapa sai ka ba da naira 80 da wani abu. In ka juya da 22, ɗan Najeriya ya fito attajiri a takarda. In ka juya da 80, ya koma kusan rubu'in haka. A watan Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a banki zuwa kewayen 1,500 cikin ƙasa da shekara. Kason ɗan Najeriya da dala ya ruguje, amma gonaki ba su rage yabanya da rabi ba, masana'antu ba su rufe rabi ba. Ita ma Indunusiya ta ɗanɗana wannan. A rikicin kuɗi na Asiya, rupiya ta faɗi daga wajen 2,400 a dala ɗaya a tsakiyar 1997 zuwa sama da 15,000 a tsakiyar 1998. Kason mutum ɗaya ya sauko daga sama da dala 1,000 zuwa ƙasa da 500. Ainihin abin da ƙasar ta samar ya ragu da kashi 13, bala'i ne babba, amma ba rabi ba ne.

Shi ya sa masana suka fi son awo na biyu, wanda ke duba abin da kuɗi ke iya saya a cikin gida. Aski a Kano da aski a Landan aski ne, ko da farashinsu ya sha bamban, don haka sai a daidaita farashin kafin a gwada. A wannan awo ɗan Najeriya na da kewayen dala 6,000 a 2023, ɗan Indunusiya sama da dala 15,000. Tazarar ta ragu kaɗan, amma tana nan. Haka in aka cire tashin farashi aka bi abin da kowace ƙasa ta samar a zahiri: daga 1970 zuwa yau kason ɗan Indunusiya ya ninka fiye da sau biyar, na ɗan Najeriya bai ko ninka sau biyu ba. Abin da ya fi ciwo, a shekarar 2000 ɗan Najeriya ya fi yadda yake a ƙarshen shekarun 1970 talauci. Alƙaluman shekara guda na iya yaudara, amma in awo daban-daban suka yi shekara hamsin suna nuna hanya ɗaya, ba sauran gardama.

To me ya faru? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce sata. Ban raina ta ba, amma ita kaɗai ba ta warware zancen. Ƙungiyar Transparency International ta fitar da jerin shugabannin da ake zargi da wawure dukiyar ƙasa a 2004, Suharto na Indunusiya ne a sama, da ƙiyasin dala biliyan 15 zuwa 35. Abacha na ƙasa da shi nesa, da biliyan 2 zuwa 5. 'Ya'yan Suharto da abokansa sun mamaye harkar mota, titunan da ake biyan kuɗi kafin a bi, kanumfari da katako. Kamfanin mai na ƙasar, Pertamina, a hannun Janar Ibnu Sutowo, ya ciyo bashin da ya kai wajen dala biliyan 10, ya kusa durƙusar da ƙasar a 1975. Ɓarayi dai ko'ina akwai su. Tambayar ita ce, yayin da ake satar, me ya samu manomi da mai masana'anta?

A Najeriya kuɗin mai sun tafi birni. An yi ƙarin albashin Udoji, wanda kwamitin Udoji ya ba da shawarar a yi wa ma'aikatan gwamnati, aka biya ma'aikata har da ariyas, kasuwa ta cika da masu neman rediyo da babur, farashi ya haura. A 1975 aka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikinsu. Dala ta yi yawa, naira ta yi ƙarfi, har a 1980 da kwabo 55 za ka sayi dala ɗaya. Dattawa na tuna wannan da alfahari, amma a dubi abin ta idon manomin gyaɗa a Ɗambatta ko Gumel. Hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka masa farashi. Gyaɗarsa in ta je Turai da dala ake saye, dalar kuwa in ta dawo 'yan kwabbai take zama. Ɗan da ke taya shi noma ya tafi leburanci inda ake gine-gine, saboda abin da zai samu a mako ya fi na wata a gona. A kasuwa kuma shinkafar waje da man girki na waje sun fi nasa araha. Ga fari na farkon shekarun 1970, ga cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Dalar gyaɗa ta Kano ba dare ɗaya ta ɓace ba, noman ne ya daina biya, kowa ya kama gabansa. Masana na kiran wannan yanayi cutar Holan, saboda abin da iskar gas ta yi wa masana'antun ƙasar Holan: arzikin ƙarƙashin ƙasa ya ƙarfafa kuɗi, ƙarfin kuɗi ya kashe duk wani abin da ake sayarwa waje.

Indunusiya ta kamu da ciwon, amma ta sha magani da wuri. Suharto ya karɓi ƙasa a hannun Sukarno, shugabanta na farko, tana cikin yunwa, hauhawar farashi ta haura kashi 600 a 1966, kuma ya ga yadda tsadar shinkafa ke fito da mutane kan titi. Ɗan ƙauye ne daga tsibirin Jawa, ya kuma san kujerarsa na rataye da farashin shinkafa. Sai ya miƙa tattalin arziki ga wasu malaman jami'a, da yawansu sun yi karatu a Berkeley ta Amurka. Widjojo Nitisastro ya riƙe hukumar tsare-tsare daga 1967 zuwa 1983. Ali Wardhana ya yi ministan kuɗi shekara goma sha biyar a jere. A tsawon mulkin Suharto, Najeriya ta yi shugabanni takwas, daga Gowon zuwa Abacha, kowa da sabon shiri da sabon take.

Mutanen nan sun zuba kuɗin mai a karkara: gyaran madatsun ban ruwa, hanyoyin ƙauye, masana'antun taki, rance ga manoma, da sabon irin shinkafa daga cibiyar bincike ta IRRI da ke Filifin. Hukumar abinci ta gwamnati, Bulog, ta sa farashin da shinkafa ba za ta faɗi ƙasa da shi ba lokacin kaka, don manomi ya san in ya zuba taki ba zai yi asara ba. Ƙasar da ta fi kowace sayen shinkafa daga waje a shekarun 1970 ta ciyar da kanta a 1984. Tsakanin 1973 da 1978 an gina makarantun firamare sama da 61,000. Talauci a lissafin gwamnati ya sauko daga kashi 40 a 1976 zuwa kashi 11 a 1996.

Mu ma mun yi shirye-shiryen noma, kada a ce ba a yi ba. Obasanjo ya yi na ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya yi nasa a 1980, an gina madatsun ruwa na Tiga da Bakolori, an kafa hukumomin raya koguna. Sai dai kuɗin sun fi tafiya ga manyan kwangiloli, takin gwamnati kan bi ta hannun masu uwa a gindin murhu kafin ya iso ƙauye bayan damina ta yi nisa, kuma a Bakolori a 1980 manoman da suka nemi diyyar gonakinsu harsashi suka samu. Uwa uba, ba abin da waɗannan shirye-shirye za su iya yi muddin ƙarfin naira na sa abincin waje ya fi na gida araha.

A ganina nan ne hanya ta rabu. A watan Nuwamban 1978, mai na da tsada, asusun ƙasa cike, ba wanda ya tilasta mata, Indunusiya ta karya darajar rupiya daga 415 zuwa 625 a dala ɗaya, don kawai mai roba da mai kofi da mai saƙa su iya gogayya a kasuwar duniya. Ta sake a 1983, ta sake a 1986 da farashin mai ya faɗi. Najeriya ta ɗauki darajar naira a matsayin mutuncin ƙasa. Da kuɗin mai suka ja baya daga 1981, maimakon a taɓa farashin dala sai aka koma rabon lasisin shigo da kaya. Takardar lasisi ta zama haja, wanda ya san wani ya samu ya sayar ya yi kuɗi bai ɗaga ko tsinke ba, masana'antu kuma suka rasa kayan aiki. Talakawa suka shiga layin madara da sabulu da sukari. Sai a 1986, bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada, Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira, dala ta tashi daga ƙasa da naira ɗaya a 1985 zuwa kusan naira huɗu a 1987. Magani iri ɗaya ne, amma wanda ya sha yana da sauran ƙarfi daban yake da wanda aka ɗura wa yana kwance. A lokacin gonakin koko sun tsufa, masu gyaɗa sun watse, ga bashi ya yi katutu. Har yau in aka ambaci SAP a Arewa ba wanda ke tuna alheri, kuma suna da hujja.

Bayan 1986 Indunusiya ta buɗe ƙofa ga masu masana'antu. Tun 1985 Suharto ya ƙwace binciken kaya daga hannun kwastan ɗinsa, ya ba kamfanin SGS na Suwizalan, saboda cin hanci ya hana kaya motsi a tasha. Kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan, waɗanda albashi ya yi wa tsada a gida, suka kwararo da masana'antun tufafi da takalma da kayan lantarki. Mai da gas, waɗanda suka kai kusan kashi 80 na abin da ƙasar ke fitarwa a farkon shekarun 1980, suka koma wajen rubu'i a tsakiyar shekarun 1990. A daidai wannan zamani masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suka fara tangal-tangal da rashin wuta da fasa-ƙwauri, har aka rufe manyan masaƙun Kaduna, KTL da UNTL, a shekarun 2000. Abin dariya abin takaici, atamfar da muke taƙama da ita asalinta zanen batik ne na Jawa, wanda 'yan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo Afirka ta Yamma.

Wanda ke son ganin sakamakon ba sai ya je Jakarta ba. Ya tsaya teburin mai shayi da dare, ya ga yaro ya fasa leda biyu ya zuba a tukunya, ya yanka albasa da attaruhu, ya soya ƙwai ya ɗora. Indomie sunan kamfanin Indofood ne na Indunusiya, tun tsakiyar shekarun 1990 ake yin ta a Ota ta jihar Ogun, kuma yara da yawa sun ɗauka tamu ce. Da man ja ake soya taliyar tun a masana'anta. A farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen man ja. Yau Indunusiya ke samar da fiye da rabin na duniya, mu kuma abin da muke yi bai ishe mu ba. Kwakwar manjan ma daga Afirka ta fito, tsiro huɗu aka dasa a lambun Bogor da ke Jawa a 1848.

Kada dai a mai da Indunusiya aljanna. Mulkin Suharto a kan gawarwaki ya ginu: an kashe mutane wajen rabin miliyan a 1965 da 1966 da sunan farautar 'yan kwaminis, an mamaye Timor ta Gabas a 1975. Man jan nan ya cinye dazuzzukan Sumatra da Borneo. Ta kuma yi sa'ar da ba mu yi ba: ƙasar noman Jawa na da albarkar tokar duwatsu masu aman wuta, tana ba da shinkafa sau biyu ko uku a shekara, maƙwabtanta kuma su ne ƙasashen da suka fi saurin bunƙasa a duniya. Bankunan 'yan lele da bashin dala su suka jefa ta a ramin 1998, har Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayu, Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, ba a fi mako uku tsakani ba. Ƙasashen biyu suka koma mulkin farar hula kusan tare. Indunusiya ta farfaɗo da gonaki da masana'antun da ta riga ta gina, har ta zama mai sayen mai daga waje ta fice daga OPEC, tattalin arzikinta bai girgiza ba. Najeriya ta yi bunƙasa mai kyau daga 2000 zuwa 2014, har a 2014 kasonta da dala ya matso kusa da na Indunusiya. Da farashin mai ya karye a ƙarshen shekarar, sai aka ga a kan me bunƙasar ta tsaya.

Saura maganar da ba a cika son yi ba, wato yawan masu rabon. A 1970 Indunusiya na da mutum wajen miliyan 115, mu wajen miliyan 55. Su sun ninka kusan sau biyu da rabi, mu wajen sau huɗu. A ƙarshen shekarun 1960 matar Indunusiya kan haifi 'ya'ya biyar zuwa shida, yau biyu da ɗan ɗori. Gwamnati ta kafa hukumar tsarin iyali a 1970, ta jawo malaman manyan ƙungiyoyin Musulmin ƙasar, Nahdlatul Ulama da Muhammadiyah, a jiki, ko da yake a wasu ƙauyukan an yi amfani da matsin hukuma. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna 5.3 a ƙasa baki ɗaya, 6.6 a Arewa maso Yamma. Ba na cikin masu cewa haihuwa ce ta talauta mu. Inda yara ke mutuwa da ƙyanda da zazzaɓi, inda 'ya mace ba ta gama firamare, inda ba fansho sai 'ya'ya, iyaye na da dalilinsu. A Indunusiya ma haihuwa ta ragu ne tare da zuwan makaranta da asibitin ƙauye da aikin masana'anta ga 'yan mata. Amma lissafi ba ya jin lallashi. Tattalin arzikin Indunusiya na ƙaruwa da kusan kashi 5 a shekara, jama'arta da ƙasa da kashi 1, saura wajen kashi 4 ga kowane mutum, wanda ke ninka kaso cikin shekara 18. Namu a 'yan shekarun nan na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 4, jama'a da fiye da kashi 2, saura wajen kashi 1, kuma a haka ninkawa sai an yi shekara 70. Daga 2016 zuwa 2020 ma yawan jama'a ya riƙa tsere wa tattalin arziki, kason kowa na raguwa shekara bayan shekara.

Shi kuma kason, ko ya hau, matsakaici ne kawai, bai faɗi wa ya ci ba. Ɗan Legas da ɗan ƙauyen Sakkwato duk dala 1,000 ɗin nan aka rubuta musu. Hukumar Ƙididdiga da kanta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Ƙidayar da za ta nuna ko mu nawa ne ke wannan rabo an shirya ta a watan Mayun 2023, aka ɗage ana saura 'yan kwanaki.